Haƙorin da ya daina ciwo, da ramin da ido ba ya gani

Kawuna yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma mutum ne da ba ya yarda ciwo ya zaunar da shi. Amma ciwon haƙori ya kwantar da shi kwana uku. Ya cusa kanumfari a kogon, ya kuskure baki da ruwan gishiri, ya aika yaro kemis aka sayo masa kafso ja da rawaya. A dare na huɗu zugin ya ɗauke ɗif, kamar an kashe janareta. Da safe ya koma rumfarsa yana gaya wa maƙwabta cewa kafson nan ba ƙarya. Bayan wata biyu kuncinsa na hagu ya tashi har ido ya fara shigewa, ni kuma aka ɗora mini raka shi asibiti, saboda ni ne mai ɗan Turanci a gidan.

Likitar ta ƙwanƙwasa haƙorin da bayan madubinta, ta ɗora masa auduga mai sanyi ƙarara, bai ji komai ba. Ta ɗauki hoto, ta nuna mana wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake a ƙarshen saiwa, ta ce jijiyar ta mutu tuntuni. Da na fassara masa sai ya juyo ya dube ni ya ce, "To ɗana, tambaye ta, in ya mutu, mene ne yake ciwon?"

Amsar tambayar nan ta Kawu ita ce dukan maganar aikin da likitoci ke kira rut-kanal, mu kuma muke cewa kashe jijiya. Sunan da muka ba shi ma yana ɓad da mu, domin sau da yawa jijiyar ta riga ta mutu kafin mutum ya hau kujerar likita.

Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. Farin da muke gani daga waje sulke ne, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan'adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashi mai ɗan rawaya, a can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki da ke ɗauke da tsoka mai laushi, cike da jijiyoyin ji da na jini. Daga ɗakin nan wasu siraran hanyoyi suke gangarawa cikin kowace saiwa, su ɓulla ta wata 'yar ƙofa a ƙarshenta, cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan ruɓa ta ci sulken ta isa ɗakin, tsokar sai ta kumbura. Matsalar ita ce ba ta da inda za ta kumbura zuwa, bango ne mai tauri ta ko'ina. Shi ya sa zugin yake zuwa da bugun zuciya, yake tsananta in mutum ya kwanta, shayi mai zafi ya tayar da shi. Daga baya tsokar ta mutu, ciwo ya tsaya. Wannan shi ne daren huɗu na Kawu. Abin da ya rage a ciki shi ne ruɓaɓɓen nama a rufaffen ɗaki mai ɗumi, inda jini ba ya shiga. Tunda jini ba ya shiga, sojojin jiki ba sa shiga, kafso ma ba ya shiga, ko katan guda mutum zai haɗiye. Ƙwayoyin cuta su yi ta hayayyafa, dafinsu yana tsiyaya ta ƙofar saiwa, ƙashin wurin yana zaizayewa. Baƙin tabon da muka gani a hoto ramin wannan zaizaya ne. Ciwon na biyu na ƙashi ne da naman da ke kewaye da haƙorin.

Kakanninmu da suka ce tsutsa ce ke cin haƙori ba su yi nisa da gaskiya ba, girman tsutsar kawai suka kuskure. A 1965 wani mai bincike, Kakehashi, da abokan aikinsa a Amurka suka huda haƙoran ɓeraye kashi biyu har zuwa jijiya, suka bar su a buɗe. Ɓerayen da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, jijiyarsu ba ta ruɓe ba, har ma ta fara gina sabon rufi. Ɓeraye na yau da kullum kuwa jijiya ta mutu, ƙurji ya fito a gindin saiwa. Tun daga nan aka tabbatar cewa yaƙin da ƙwayoyin cuta ake yinsa. Duk abin da likita zai yi a bakinka bayan wannan, manufarsa uku ce a haɗe: ya kwashe ƙazantar, ya wanke hanyoyin, ya toshe su yadda wani abu ba zai sake shiga ba.

Na zauna a gefe na ga yadda aka yi wa Kawu. Bayan allurar kashe zafi, sai aka shimfiɗa masa wani ƙyallen roba a baki, aka huda shi, haƙorin nan guda ɗaya tak ya leƙo ta hujin. Kawu bai so abin ba, ya ce an sa masa takunkumi kamar raƙumi. Amma ƙyallen nan, wanda wani likita a New York mai suna Barnum ya ƙirƙiro tun 1864, shi ne abu na farko da nake so mai karatu ya duba in za a yi masa wannan aiki. Yawu cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma ba a wanke rijiya ana zuba mata ruwan kwata. Yana kuma tare 'yan kayan aiki kada ɗaya ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro, ya hana ruwan wankin taɓa harshe. Ruwan wankin kuwa, kada a yi mamaki, dangin bilic ne. Sinadarin da ke cikin Hypo da Jik da matanmu ke jiƙa fararen kaya da shi, shi ne dai, an tsarma shi an auna ƙarfinsa don wannan aiki. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma narkar da mataccen nama a lungunan da ƙarfe ba zai kai ba. Wannan ba izini ba ne ga kowa ya ɗiga bilic a kogon haƙorinsa, ƙona baki kawai zai yi, kamar yadda masu ɗiga ruwan batir ko ɗora asfirin a dasashi suke ƙonewa.

Sharar hanyoyin ana yin ta da wasu 'yan magagarai masu kama da allura. Mai lamba goma, kaurin bakinta kashi ɗaya cikin goma ne na milimita, wato kusan silin gashi. Da ita ake lalubo hanya, a bi ta a hankali har ƙarshe, sannan a riƙa ƙara kauri. Akwai 'yar na'ura da ake saƙala wayarta a leɓe, tana ƙara idan allurar ta kusa ƙofar saiwa, don kada a tsaya a rabi, kada kuma a zarce cikin ƙashi. In hanya ta fita tas, sai a cike ta da wani ɗanko da ake kira gata-faca, wanda asalinsa ƙaron wata bishiya ce ta yankin Maleshiya. Da shi aka riƙa naɗe wayoyin tangarahu na ƙarƙashin teku a ƙarni na 19, kuma har yau likitocin haƙori ba su sami abin da ya ture shi ba. Kanumfarin Kawu ma yana da gurbi a nan, domin man kanumfari yana cikin wasu haɗe-haɗen ciko da likitoci suka daɗe suna amfani da su. Yana kwantar da zugi da gaske, sai dai ba ya warkar da komai.

In da kowane haƙori irin na gaba ne, mai saiwa ɗaya miƙaƙƙiya da hanya ɗaya mai faɗi, da babu abin yin dogon sharhi. Wahalar tana wajen turame, wato manyan haƙoran tauna na baya, kuma su ne suka fi ruɓewa.

Ɗauki turmin farko na sama. Saiwarsa uku, saboda haka mai gaggawa zai nemo hanya uku, ya wanke, ya cike, ya sallame ka. Amma a yawancin mutane, saiwar da ke ta gaba wajen kunci tana da hanya ta biyu, siririya, bakinta a ɓoye ƙarƙashin wani ɗan leɓe na haƙori. Wanda bai je da niyyar nemanta ba, ba zai gan ta ba. Hoton haƙori na yau da kullum ma sau da yawa ba ya nuna ta, domin inuwa ce ta fuska ɗaya, hanyar gaba ta rufe ta baya. A bar wannan hanya guda da ƙazantarta, sai mutum ya yi shekara ɗaya ko biyu lafiya, sannan wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, ya fashe, ya bushe, ya sake fitowa. A nan ne za ka ji mutum a majalisa yana cewa kashe jijiya cin kuɗi ne kawai, shi an yi masa bai yi ba. Gaskiya ne bai yi ba, amma ɗaki uku aka share a gida mai ɗaki huɗu. Ƙananan turamen ƙasa su ma suna da irin wannan wayo: hanya ta fara ɗaya, a tsakiyar saiwa ta rabu biyu. An lura cewa wannan ya fi yawa a baƙar fata, kamar yadda hanya mai siffar jinjirin wata a turmi na biyu na ƙasa ta fi yawa a mutanen gabashin Asiya. Ke nan likitan da ke aiki a Agege ko Idi-Araba yana da dalilin da zai ƙara zargin haƙorin da ke gabansa fiye da yadda zanen littafi ya nuna masa.

Maganin ɓoyayyiyar hanya shi ne gani. Ƙwararru suna aiki da na'urar ƙara girma mai fitila, wadda ke mayar da ɗakin jijiya kamar faranti a gaban ido. Akwai kuma hoto mai zagaya kai, wanda ke yanka haƙori falle-falle a kwamfuta, a ga kowace saiwa ta kowace fuska. Kayan nan suna Legas, amma ba kowane asibiti ba, kuma kuɗinsu daban.

Sai saiwa mai lanƙwasa. Allurar baƙin ƙarfe tana son miƙewa, hanya kuma ta karkata, sai allurar ta riƙa cin bango ɗaya, ta yi wa kanta matakala, wani lokaci ta huda saiwar ta fita ta gefe. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara yin allurai da haɗin nikel da titaniyom, masu tanƙwaruwa su bi kwana su dawo daidai, aka kuma ɗora su a kan ɗan inji mai juyawa. Sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma suna da hali guda: ba sa nuna gajiya. Baƙin ƙarfe yakan warware ya gargaɗi mai shi, wannan kuwa sai dai a ji ƙas, guntu ya rage a cikin saiwa. Kowace allura tana da iyakar yawan aikin da za ta yi, kuma da canjin kuɗi ake shigo da su, saboda haka jarabar maimaita su fiye da kima tana nan a duk inda ake lissafin riba.

Karyewar allura ba ita ce ƙarshen haƙori ba, kuma tana faruwa har ga gwanaye. Guntun kansa ba guba ba ne. Abin dubawa shi ne inda ya tsaya da kuma ko an riga an wanke abin da ke bayansa. In yana sama-sama, ana iya girgiza shi da na'ura mai kaɗawa a fito da shi. In ya yi nisa, wani lokaci a ratsa ta gefensa a wanke. In yana can bayan kwana kuma babu ƙurji, sau da yawa barinsa a sa ido ya fi tono, domin garin neman guntu ana iya cinye saiwar har ta tsage. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi shiru. Haƙƙin mai haƙori ne a ce masa, "Malam, ga abin da ya faru, ga hotonsa, ga abin da za mu yi." Likitan da ya faɗi haka ya fi wanda bai taɓa ba ka labari marar daɗi ba.

Akwai kuma hanyar da ta cushe. Da tsufa, ko bayan tsohon bugu, jijiya takan yi ta gina bango daga ciki har hanyar ta kusa shafewa, haƙorin ya yi rawaya fiye da 'yan'uwansa. A bakin da goro ya rina ba kowa zai lura da bambancin launin ba. Neman hanya a irin wannan haƙori kamar haƙa rijiya ne cikin duhu, in ka kauce kaɗan ka ɓulla ta bango. A da irin wannan huji hukuncin cirewa ne. A shekarun 1990 wani likita, Mahmoud Torabinejad, a jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya, ya fito da wani gari da ake kira MTA, ɗan'uwan sumunti ne na gini da aka tace, yana daskarewa ko da akwai danshi, nama da ƙashi kuma suna zama da shi lafiya. Da shi ake liƙe huji yanzu.

Garin nan ya fi amfani a wani wuri da ya shafe mu kai tsaye. Yaranmu suna faɗuwa a filin ƙwallo, samarinmu da yawa a kan babur suke neman abinci, kuma haƙoran gaba na sama su ne suke fara gaisawa da kwalta. Haƙorin dindindin na gaba yana fitowa wajen shekara bakwai zuwa takwas, amma saiwarsa ba ta gama rufe baki sai bayan kamar shekara uku. In jijiya ta mutu a tsakanin nan, saiwar takan tsaya a buɗe kamar bakin kakaki, bangonta siriri, babu inda ciko zai tsaya. A da sai an yi watanni ana sauya magani kafin jiki ya gina murfi. Yanzu ana iya yi mata toshi da MTA a zama ɗaya ko biyu. In kuwa haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum, kada a goge shi, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A kama shi ta kai, ba ta saiwa ba, a ɗauraye, a mayar da shi gurbinsa in za a iya, in ba haka ba a jefa shi cikin madara a nufi likita. Sa'ar farko ita ce komai, kuma kowa ya san abin da sa'a ɗaya take a kan titin Ikorodu da yamma, shi ya sa madarar ke da muhimmanci. Haƙorin nono na ƙananan yara shi ba a mayar da shi.

Masu cewa allurar kashe zafi ba ta kama su su ma ba ƙarya suke yi ba. Turmin ƙasa da ke tsakiyar zugi yana da wuyar kashewa, leɓe ya mutu amma ana taɓa jijiya mutum ya zabura. Akwai ƙarin allurai da ake yi a gefen haƙorin ko cikin ɗakin kansa. Mutum ya ɗaga hannu ya faɗa, jarumta ba ta da amfani a nan. Mai ciwon suga kuma ya faɗa tun farko, domin warkewar ƙashinsa takan yi jinkiri.

Rabin abin da ke kayar da wannan aiki a Legas, a ganina, ba a kujerar likita yake faruwa ba. Haƙori mai ƙurji yakan buƙaci zuwa biyu ko uku. A zuwan farko an buɗe, an wanke, an sa magani, an rufe da cikon wucin gadi, ciwo ya tafi. Ɗan kasuwa ya lissafa yinin da zai rasa, da kuɗin mota, da gosulo, da ragowar kuɗin da bai biya ba, sai ya ce ai ya ji sauƙi. Wani kuma azumi ya zo, ko tafiya gida Arewa ta taso. Cikon wucin gadi na 'yan makonni ne. Ya zaizaye, yawu ya koma ciki, duk wankin da aka yi ya tashi a banza. Ko an gama cike saiwa ma, turmi yana buƙatar hula, domin an rarake cikinsa, ruɓa kuma ta riga ta ci bangonsa. Mu da muka san haƙorin Makka ba sai an yi mana dogon bayanin hula ba, bambancin kawai wannan don ƙarfi ake sa ta. Babu hula, wata rana a ciji ƙashin suya ko tsakuwa a shinkafa, haƙorin ya rabe biyu har saiwa. Tsagewar da ta gangara cikin saiwa kuwa ba ta da magani sai cirewa. Don haka duk wanda zai tambayi kuɗin aikin, ya tambaya har da na hula tun ranar farko, ya san jimillar kafin a fara.

Ba na cikin masu cewa kowane haƙori sai an cece shi. In ruɓa ta gangara ƙasa da dasashi har babu abin da hula za ta kama, ko ƙashin da ke riƙe da shi ya tafi yana girgiɗi, ko mutum ya san a ransa ba zai iya dawowa sau uku ba, cirewa cikin tsabta ta fi aikin da aka bari a rabi. Sai dai a san cewa giɓin turmi ba ya zama haka nan: na kusa su kwanto, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe ɗaya, kuma dasa na ƙarfe ya fi kashe jijiya tsada nesa ba kusa ba. Idan aka yi aikin da kyau aka rufe da kyau, kusan tara cikin goma suna zama lafiya shekara da shekaru. Wanda bai yi ba ma akwai sake buɗewa a wanke, ko a ɗaga dasashi a datse kamar milimita uku na ƙarshen saiwa a toshe ta baya. Irin waɗannan su ne ake tura wa ƙwararru, kuma mutanen Idi-Araba suna da asibitin koyarwa na LUTH a ƙofar gida, na Agege kuma LASUTH na Ikeja bai yi musu nisa ba. Layi ne dai sai an yi haƙuri. Likitan unguwa da ya duba hoto ya ce wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsa, ya rubuta maka takarda, ya yi maka alheri babba.

Kumburi guda ne ba ya jiran layi. In ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, harshe ya fara ɗagawa, haɗiyar yawu ta gagara, baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya rufe mutum ido yana rufewa, wannan na sashen gaggawa ne a daren, domin yana iya toshe numfashi.

Kawu zuwa uku ya yi, kuma sai da na je rumfarsa da kaina na ɗauko shi a na ukun, yana ta faɗa wai motar albasa ta iso daga Sakkwato. Haƙorinsa hanya huɗu gare shi, ta huɗun sai a zama na biyu aka gano ta. Hular kuma sai da aka yi wata biyu ana ja-in-ja kafin ya yarda ya biya. Da muka koma bayan shekara aka sake hoto, likitar ta jera shi da na farko a kan allo. Baƙin tabon nan mai kamar wake ya koma kamar ƙwayar gero, sabon ƙashi ya cike sauran. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tambaye ta ko za ta duba masa na dama, wai shi ma kwana biyu yana jin sa in ya sha ruwan sanyi.